Kwalta, Turbar Fatake da Dajin da ke Tsakani: Daga Gaya zuwa Penjari

Matafiyin da ya tashi daga Yamai a mota yana nufin bakin teku, babbar hanyar da aka saba bi ce a gabansa. Zai bi ta Doso, ya gangara Gaya, ya haye gadar kogin Kwara ya faɗa Malanbil ta Jamhuriyar Benin, daga nan sai Kandi, Bembereke, Paraku, har Kwatano. Tafiya ce ta kilomita 1,000 da 'yan kai, kuma ta nan ne kaso mai yawa na kayan da Nijar ke shigowa da su daga ƙetare ya daɗe yana bi. Da ya bar Malanbil, daji zai tsaya masa a hannun dama, shi ne Gandun Daji na W, wanda ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso. Idan kuma ya karkata yamma har duwatsun Atakora, zai tarar da ɗan'uwansa, Gandun Penjari.

Mai mota yakan sauka daga wannan tafiya da zato biyu. Yakan zaci ƙasar tun asali kudu take fuskanta, tunda haka kwalta ta miƙe. Yakan kuma zaci dajin nan ragowar duniyar farko ce, wurin da ɗan Adam bai taɓa kafa bukka ba. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya ba. Kwaltar yarinya ce. Tsohuwar hanya daga gabas zuwa yamma ta bi, Hausawa kuwa suna cikin waɗanda suka take ta. Dajin kuma, yaƙi da ƙudaje ne suka kwashe mutanensa tun kafin doka ta zo ta kewaye shi.

Hanyar Gwanja

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, amma ba a ɗaurin aure ko raɗin suna sai da shi. Irin wanda Bahaushe ya fi so a kurmin Asante yake fitowa, cikin Gana ta yau, kasuwar da ake kai shi domin mutanen arewa kuwa ita ce Salga ta ƙasar Gwanja. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ajiye buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen tsakiyar ƙarni na 15. Sai dai ganiyar cinikin ta zo ne a ƙarni na 18 da na 19, sa'ad da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe shi, kamar yadda Paul Lovejoy ya bi diddigi a littafinsa kan ayarin goro, wanda aka buga a 1980.

Tsakanin ƙasar Hausa da Salga ba turba ɗaya ba ce. Akwai ta kudu, wadda ke haye Kwara wajen Yawuri ko Busa, ta ratsa ƙasar Bargu ta Kayama da Nikki, ta faɗa Jugu, garin da fatake ke kira Zugu. Akwai ta tsakiya, ta mutanen Sakkwato da Jega, wadda ke hayewa a Ilo ko Gaya ta bi ta Kandi. Akwai kuma ta arewa, wadda ke hayewa a Sayi ta nufi Fadan Gurma, sannan ta karkato kudu. Madugu ne ke zaɓa, gwargwadon labarin da ya samu na yaƙi da na abin da sarakunan hanya ke karɓa a shekarar. Ana tafiya da kanwa da tufafin Kano da jar fata da dabbobi da gabu, da bayi kuma, don bai kamata a ɓoye wannan ba. Ana komowa da goro a naɗe cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe a kan hanya, gama ƙwaya ɗaya mai tsutsa tana iya lalata huhu guda. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara. A 1826 Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobin dako kwatankwacin haka.

Ɗalibin Hausa yana iya karanta wannan hanya a sunayen garuruwa ko bai bar ɗakinsa ba. Gurmawa Nungu suke ce wa babban garinsu. Fadan Gurma sunan da fatake suka laƙaba masa ne, shi ne kuma ya zauna a taswira. Garin Mango na arewacin Togo, cikakken sunansa a takardun Turawa Sansanne-Mango ne, wato sansani. Kalmar zango kuwa, wadda asalinta wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, ta zama sunan unguwar baƙi Musulmi a Benin da Togo da Gana baki ɗaya. Amma a nan akwai wurin taka-tsantsan. Ba Hausawa ne farkon masu wannan hanya ba. Wangarawa da Dendawa sun riga su, shi ya sa har gobe harshen kasuwa a Kandi da Paraku da Jugu Dendanci ne, ɗan'uwan Zabarmanci, Hausa tana biye. Wanda ya je can da tunanin kakanninsa ne suka kafa komai zai sha kunya tun a teburin mai shayi.

Jugu ce ta fi nuna yadda garin hanya yake. Gari biyu ne a haɗe: Kilir, unguwar sarki da 'yan ƙasa, da Wangara, unguwar 'yan kasuwa da malamai da masallatai. Sarki yana ba da wurin zama da kariya, yana karɓar kuɗin hanya. Fatake suna kawo kaya da malamin da zai rubuta wasiƙa ko laya, ba sa neman sarauta. Wannan yarjejeniya marar takarda ita ce ta riƙe hanyar tsawon ƙarnoni, kuma ana ganin irinta a Paraku da Kandi da Nikki. A ƙasar Nikki ta fi tsauri. Masu sarautar Bargu, waɗanda ake kira Wasangari, mahaya ne da ke danganta kansu da Kisra kamar 'yan'uwansu na Busa da Ilo, kuma ɗan sarkin da ya raka ayari bana domin an biya shi, shi ne zai tare shi baɗi in ba a biya ba. Fatake sun san Bargu da fashi, Bargawa kuma sun san fatake da zille wa haraji. Duk da haka cuɗanya ta yi nisa. Babban bikin Nikki sunansa Gani, a watan Mauludi ake yin sa, da hawan dawaki da busa kakaki, abin da mutumin Daura ko Gumel zai gane nan take.

Abin da ya mai da tsakiyar daji

Idan aka zana turbobin nan bisa taswirar yau, abu ɗaya zai fito fili. Ta arewa ta kewaye gandunan ta sama, sauran biyun sun kewaye su ta ƙasa. W da Penjari, da Arli na Burkina Faso da ke haɗa su, suna zaune ne daidai a gurbin da ayari ke kauce wa.

Ƙwaro yana da hannu a ciki. Kwarin Tapowa da na Mekuru da na Alibori da na Penjari gidan ƙudan tsando ne, wanda ke sa wa jaki da doki da saniya sammore, ya sa wa mutum ciwon barci. Ayarin da dukiyarsa ke bayan jakuna ba ya wasa da irin wannan wuri. A bakin ruwa mai gudu kuma akwai wani ɗan baƙin ƙuda da cizonsa ke makantar da mutum a hankali, har a wayi gari dattawan ƙauye yara ne ke ja musu gora. Ƙasa ce mai ruwa da albarka, amma tana cin masu ita.

Hannun mutum ya fi na ƙwaro nauyi. Yankin ya faɗo tsakanin masu ƙarfi: Gurmawa a yamma, Bargawa a kudu, Zabarmawa da Dendawa a gabas, sannan Fulanin Sayi a arewa, waɗanda suke ƙarƙashin tutar Gwandu a ƙarni na 19. Babu wanda ya mallake shi, kowa kuwa yana kai hari ta cikinsa. Masanin ƙasa Bafaranshe Michel Benoit, wanda ya yi nazarin W a shekarun 1990, ya nuna cewa tsoron hari ne ya hana mutane zama a wurin, namun daji suka gaje shi. Ƙasar Dendi ta san yaƙi tun kafin haka ma. Bayan da sojojin Maroko suka karya daular Songhai a Tondibi a 1591, nan ne Askiya Nuhu ya ja da baya ya yi ta yi musu sari-ka-noƙe, kurmi da zazzaɓi suna taya shi.

Shaidar zaman mutane tana nan ga mai ido. A cikin W ta ɓangaren Nijar akwai tudun kashin tama inda aka yi narkar ƙarfe, da fasassun tukwane, da kukoki da suka yi cincirindo wuri guda. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan: kuka a tare cikin daji alamar kufai ce. Akwai ma ma'adini. Jan dutsen nan lantana, wanda masu sana'a na Ilori suka shahara da gyara shi su yi duwatsun wuya, daga wannan sashe na Kwara wajen Kirtashi ake haƙo shi, fatake Hausawa kuma su ne ke gangarar da shi ta ruwa. Ɗaya daga cikin ƙauyukan mahaƙan, Natangu, ya faɗo cikin abin da ya zama gandu, Faransawa suka tashe shi.

Can yamma, a duwatsun Atakora, tsoron ya bar gini. Mutanen Batammariba suna gina gidan ƙasa mai hawa biyu da ake kira tata: dabbobi a ƙasa, rumbuna da ɗakunan kwana a bisa soro, ƙofa ɗaya ƙunƙuntacciya. Yau baƙi suna ɗaukar su hoto domin kyau, hukumar UNESCO ma ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya, ɓangaren Togo a 2004, na Benin a 2023. Sai dai gida ne na mutanen da suka hau dutse domin gudun mahaya masu kamun bayi, kuma da gangan aka ƙuntata ƙofar.

Yadda hanya ta juya

Rushewar hanyar Gwanja ba ta ɗauki tsawon rayuwar mutum ɗaya ba. A 1874 Ingila ta ci Kumasi, Salga ta ɓalle daga hannun Asante, goro ya fara bin wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga kanta, 'yan kasuwa da malamai suka bazu, cikinsu har da Imam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karachi. A 1894 aka yi tseren zuwa Nikki. Kamfanin Royal Niger ya tura Lugard, Faransa ta turo Decoeur daga Dahome, Lugard ya riga isa a watan Nuwamba da 'yan kwanaki, ya samo takardar yarjejeniya, Faransawa suka ce wanda ya sa hannu ba shi ne sarki ba. An raba gardamar a Paris ranar 14 ga Yuni 1898: Nikki ga Faransa, Busa ga Ingila. Layin iyaka ya tsaga Bargu daga arewa zuwa kudu, wato ya yanke turbobin goro a gicciye. Ayarin da a da yake lallashin sarakuna, yanzu kwastan na Ingila da na Faransa da na Jamus ne a gabansa.

Abin da kwastan ya bari, jirgi ya ƙarasa. Aka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, daga 1911 kuma layin dogo ya iso Kano. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, yana cikin na farkon da suka koma hanyar teku. Kayan da jaki ke kawowa a wata uku suka riƙa isowa cikin makonni.

Ita kuwa Faransa buƙatarta dabam ce. Nijar ba ta da teku, kuma ba a so kayanta su dogara da ƙasar Ingilishi. A 1926 aka ɗauke hedkwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai. Layin dogo daga Kwatano ya kai Paraku a 1936, bayan kilomita 438, ya tsaya a nan. Manyan motoci suka ɗauki sauran zuwa bakin Kwara, inda aka gina gada a 1958. Sabuwar hanya ta ɗaukaka wasu ta kā da wasu. Paraku ta zama babban birnin arewacin Benin. Malanbil, wadda sunan wani gwamna Bafaranshe, Malan, aka ba ta, ta zama kasuwar ƙasa da ƙasa, alhali Ilo mai tsohon tarihi ta koma ƙaramin gari a Jihar Kebbi. Nikki, gidan sarautar Bargu, sai an ratse daga babbar kwalta a N'Dali ake zuwa mata. Sayi, inda Barth ya haye Kwara a 1853 yana nufin Timbuktu, ta koma gefe, duk da jami'ar Musulunci da aka buɗe a can a 1986.

Ba injin ne ya share hanyoyin farko ba, hannun talakawa ne. Aikin tilas da dako da haraji, ga kamun soja domin Yaƙin Duniya na Ɗaya, su ne suka tunzura arewacin Dahome. A 1916 Bio Gera, ɗan gidan Wasangari, ya yi tawaye a yankin Nikki da Bembereke, aka kashe shi a watan Disamba. A duwatsun Atakora kuma Kaba ya riƙe wuta har 1917. Faransa ba ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka ba sai 1946. Motar da ke keta Bembereke a guje ba ta ba fasinja damar tunawa da wannan.

Doka ta gaji ƙudaje

Jami'an Faransa sun tarar da ƙasa mai yawan nama da ƙarancin mutane, suka ɗauka haka Allah ya yi ta. Tun a shekarun 1920 da 1930 suka fara keɓe ta, ranar 4 ga Agusta 1954 kuma aka ayyana W a matsayin gandun ƙasa. Sunan daga kogi ya fito, domin a wurin Kwara ta yi gwiwa-gwiwa kamar harafin W na boko. Faɗinsa a ƙasashen uku ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000, na Nijar kaɗai 2,200. Penjari ya zama gandun ƙasa a 1961. UNESCO ta amince da ɓangaren Nijar a 1996, a 2017 kuma ta haɗa W da Arli da Penjari a rajista guda.

Babu mai hankalin da zai raina abin da wannan ya tsare. Nan ne garken giwa mafi yawa da ya rage a Afirka ta Yamma, ga ɓauna da gwanki da kanki da dorina, ga ayu a cikin kogi. Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakunan Afirka ta Yamma baki ɗaya ba su wuce 400 da 'yan kai ba, kusan kashi 90 cikin 100 kuma a nan suke. Zakin da ke cika tatsuniyoyinmu da kirarin sarakunanmu, in ban da wannan daji da ya kusa zama suna kawai.

Matsalar ita ce abubuwan da suka kori mutane sun gushe, doka kaɗai ta saura. Harin bayi ya ƙare da mulkin mallaka. Farin 1973 da na 1984 ya tunkuɗo makiyaya kudu, magungunan dabbobi kuma suka rage tsoron sammore. Shirin yaƙi da makantar bakin kogi, wanda aka fara a 1974 aka rufe a 2002, ya buɗe kwaruruka ga manoma. Auduga ta mamaye Banikwara, wadda ke jingine da W, har ta zama kan gaba a noman ta a Benin. Gona ta matso har bakin gandu, burtali ya toshe, makiyayi ya tsinci kansa tsakanin manomin da zai kai shi ƙara da ɗan gandun da zai ci shi tara. Wanda kakansa ya yi kiwo ko farauta ko tsafi a wurin da yanzu ake ce masa ya shiga ba bisa ƙa'ida ba, ba ya ganin gandun kamar yadda mai yawon buɗe ido ke ganin sa.

Kwatanci yana nan kusa. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suna rayuwa a tsakiyar gonakin gero da wake, babu shinge. A 1996 guda 49 suka rage. Bayan shekara ashirin da ɗoriya sun haura 600, saboda an jawo ƙauyuka cikin aikin, suna ganin amfaninsa. Raƙumin dawa ba zaki ba ne, ba za a kwafi tsarin Kure a liƙa wa Penjari ba. Amma ya isa ya nuna cewa kora ba ita kaɗai ce dabara ba.

Abin da keke ke gani

Keke ya shigo wannan yanki ne tare da Turawa, tsofaffi ma basukur suke ce masa, amma aikin jaki ya gada. Shi ke ɗaukar buhun gawayi da taki da jarka da kaji zuwa kasuwa, kuma yana bin turbar da mota ba ta sani ba. A kan irin waɗannan turbobi ne ake gane cewa zirga-zirgar gabas da yamma ba ta mutu ba, sauka kawai ta yi daga taswira. Tsakanin Kamba da Gaya, tsakanin Tsamiya da Segbana, tsakanin Cikanda da Nikki, kekuna da babura suna haye layin 1898 kullum da fetur da hatsi da atamfa, a kusan mashigan da ayari ke bi.

Mai keken da ya bi wannan ƙasa dole ya bi ƙa'idar fatake ko bai san ta ba. Yana tashi da asuba ya sauka kafin rana ta take. Ruwa ne ke yanke masa zango, ba nisa ba. Idan dare ya yi masa a ƙauye, sai ya nemi mai gari ko limami, galibi kuma unguwar zango za a nuna masa. A tsakanin Doso da Gaya zai ratsa kwarin Foga ya ga tudun ƙasar da masu dafa gishiri suka tace suka zubar, gishirin da ya daɗe yana shiga kasuwannin Kabi da Bargu. Daga Malanbil zuwa Kandi kilomita 100 da ɗoriya ne, kwana biyu ga wanda bai matsa wa kansa ba, a tsakani kuma akwai Alfakwara, ƙofar W inda giwaye ke zuwa shan ruwa da rani. Daga Kandi, in ya juya yamma ta Banikwara da Keru da Kwande zuwa Natitingu, ya bar hanyar Faransa ke nan ya hau kusan layin turbar tsakiya ta fatake. Daga Natitingu sai Tangiyeta, mashigar Penjari. Lokacin tafiyar hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu; namun daji sun fi ganuwa a Maris da Afrilu, sa'ad da tafkuna suka ƙafe suka taru a ragowar ruwa, amma zafin lokacin ba na mai taka feda ba ne. A ƙofar gandu keke yakan tsaya, ciki sai da mota da jagora. Abin lura ne cewa masu keken da suka fi kowa sanin cikin dajin su ne mafarautan ɓoye da 'yan gandun da ke bin sawunsu.

Wannan bayanin hanya ne kamar yadda take kafin 'yan shekarun nan, kuma ba shawara ba ce ga kowa ya ɗaura kaya. A watan Mayu 2019 aka sace Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido a Penjari, aka kashe jagoransu ɗan Benin. A ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu. A Fabrairu 2022 nakiyoyi suka hallaka mutum tara a W ta ɓangaren Benin, cikinsu har da ma'aikatan ƙungiyar African Parks, wadda ta karɓi kula da Penjari a 2017 da W na Benin a 2020. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai daga Sahel sun mai da dajin maɓoya da mashigi, da babura suke yawo, kuma suna neman goyon baya ne wajen waɗanda ke da ƙorafi kan gandu, suna yi musu alkawarin kiwo da farauta babu tara. Wanda ya ɗauka dajin tun fil azal babu kowa a cikinsa zai yi mamakin yadda wannan kira ke samun masu saurare. Wanda ya san kufan da ke ƙarƙashin kukoki ba zai yi ba, zai ma ga cewa wurin ya koma aikinsa na ƙarni na 19, gurbin da babu mai iko da shi, wanda mahara ke ratsawa matafiya suna kewayewa.

Ita ma kwaltar ba ta tsira ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil, manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci a bakin kogi. Ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Mutanen gaɓar biyu ba su jira ba. Masu kwalekwale suka koma sana'ar fito ta kakanninsu, suna haye da fasinja da buhunan albasa da shinkafa, da babura da kekuna a kwance bisa kaya, a ƙarƙashin inuwar gadar.